Shekarar da Baba Ya Shuka Ciyawa a Cikin Gilashi

Na san abin da kuke ji a gidan kawunku Sani, ko da yake babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin maimaita mini a cikinku. Cewa yake ni na saki kakanku ya koma bakin tafki, alhali yana zaune lafiya a gidana. Ba ƙarya ya yi ba, da ƙafata na raka shi tasha. Amma Sani yana Kano a lokacin, ta waya labarin ya same shi, kuma ba komai waya ke ɗauka ba. To tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, sana'ar turare ta koma hannun ƙanana, bari in ba ku labarin shekarar nan yadda ta faru, in kun ji sai ku yanke naku hukuncin.

Kakanku Malam Audu masunci ne, ɗan masunta. Iyayensa daga Kabi suka biyo kifi har Tafkin Chadi, a can aka haife shi, a can ya haife mu, a can ya binne innarmu. Ni aure ne ya kawo ni unguwar Limanti a Maiduguri, gidan mahaifinku Alhaji Modu, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu wanda bai san kifi ba sai a cikin miya. Da rikicin nan ya watsa garuruwan bakin ruwa, sai ga Baba a ƙofar gidana da riga ɗaya da buhu a kafaɗa, ba komar kamun kifi, ba kwalekwale, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na yi kuka na gode wa Allah. Mahaifinku ya sa aka share masa ɗakin zaure, aka sa katifa sabuwa da fanka, ni kuma na cika ɗakin da turaren wuta mai kyau, ina ganin an gama komai. Ashe a lokacin aka fara. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba, amma a wajen mutum irin Baba, zama a gidan mijin 'yarsa yana jiran a miƙo masa kwano ya fi masa yunwa ciwo. In ya ji ƙarar motar Alhaji sai ya shige ɗaki. In an kai masa abinci ya taɓa gefe ya rufe. Kullum yana zaune bakin titi yana tambayar duk wanda ya fito daga arewa ko an buɗe hanya.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana. Wata rana na dawo da kwanonsa kusan yadda na kai shi, na tsaya na ce sai ya gaya mini abin da na yi masa.

"Ba ki yi mini komai ba, Uwata," ya ce. "Mijinki ma mutumin kirki ne. Amma namiji ba ya cin tuwon surukinsa yana zaune. Ranar da aka buɗe hanya, ranar zan tafi."

Daga ranar nan na shiga fargaba. Mutane suna roƙon Allah ya buɗe hanya, ni kuwa in na ɗaga hannu ban san abin da zan roƙa ba.

A wannan lokacin ne mahaifinku ya shigo mana da akwatin gilashi. Wani ne ya sayar masa a wajen Kasuwar Kwastam, da 'yan kifaye masu launi waɗanda babbansu bai kai ɗan yatsana ba, da ƙaramin inji mai busa iska, da ciyawar roba kore shar. Mutumin da ke juya bijimai a Kasuwar Shanu, shi ne zai dawo gida ya durƙusa gaban waɗannan 'yan mitsi-mitsi yana yi musu magana da Kanuri. Na yi masa tsiya har na gaji. Sai kifin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, musamman in an ɗauke wuta, ka gan su a saman ruwa suna buɗe baki. Wata safiya ya tsamo gawa biyu, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dube ni da wani irin murmushi da na san shi da shi in ya hango riba a jikin ramammiyar saniya.

"Hajja, ki je ki ce wa Baba kifina yana mutuwa. Ki ce ni ban san komai ba, ya taimake ni."

"Ai ba ƙarya zan yi ba," na ce.

Sai da Alhaji ya fita kasuwa Baba ya yarda ya shigo falo. Ya zagaya akwatin hannunsa a baya, ya sunkuya, ya miƙe.

"Wa ke cin waɗannan?"

"Ba a ci, Baba. Kallo ake yi."

"To laifin me suka yi aka ɗaure su?" Ya zura hannu ya fizgo ciyawar nan, ya murza, ya shinshina. "Roba! Ko akuya aka ɗaure gaban wannan ai baƙin ciki ya kashe ta. Ruwan da ba abin da ke tsiro a cikinsa mataccen ruwa ne, Uwata. Samo mini bokiti."

Ranar nan ya cinye abincinsa tas, bai ma lura ba.

Da farko ya leƙa kogin Gadabul ta wajen gada, ya dawo yana tsaki, ya ce ruwan da aka mayar juji ba ya ba da abin kirki. Sai muka riƙa ɗaukar keke napep da sassafe mu nufi wajen madatsar ruwan Alau, inda ruwa ke kwance a fadamu bayan damina. Ni nake binsa, don tsoron kada ya ga ruwa ya manta hanyar gida. Zai naɗe wando ya shiga, ni ina bakin gaɓa da bokiti, kuma bai taɓa barina na sa ƙafa ba, ya ce ruwan da ke da dodon koɗi shi ke ba mutum tsargiya, shi kuwa ya riga ya gama da wannan tun yana yaro. A nan na ga mahaifina ya dawo. Bayansa ya miƙe, muryarsa ta buɗe. Kowace ciyawa ya ɗago sai ya ba ni tarihinta. Bado ya ce mu bar shi inda yake, yana son taɓo mai zurfi da sarari, a cikin gilashi ruɓewa zai yi. Kainuwa mu ɗauki ƙanana kaɗan, don 'ya'yan kifi suna son ɓuya a cikin saiwarta, amma a riƙa rage ta, in ba haka ba ta rufe saman ruwa ta hana na ƙasa haske. Kachalla ko kallonta bai yi ba. Abin da yake nema su ne masu zama a ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya: wata mai dogon ganye siriri kamar an yanka tsumma, da wata mai gashi-gashi da yake kira wutsiyar kyanwa. Ban sani ba ko sunanta ke nan a wani wuri, ko shi ya raɗa mata.

Wannan wutsiyar kyanwa tana da 'yar'uwa mai kama da ita, kuma nan ne ya fi tsananta mini. Ya ɗora mini su biyu a tafin hannu ya ce in faɗi bambancinsu. Na ce duk ɗaya ne.

"Murza ki ji. Wannan tana da kaushi, tana ɗan karce hannu, ita muke so. Waccan laushi gare ta, kuma duba tsakanin gashin, kin ga 'yan ƙulli-ƙulli kamar duwatsun wuya? Tarko ne. Ɗan kifin da aka haifa yau in ya taɓa, ta kama shi. Ciyawa ce mai cin nama."

Akwai ta uku kuma da ke ruɗa shi, don idonsa ya fara rauni. Wannan ni na kama ta da hanci. Wari gare ta kamar tafarnuwa da ta kwana a ruwa, kuma wadda ta yi shekaru tana bambanta sandal na gaske da na jabu ba za ta rasa wannan ba. Daga nan in ya yi shakka sai ya miƙo mini ya ce, "Mai turare, shinshina mana." Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar da ya fara faɗin haka ba.

Kashin farko da muka kawo, ɗauraya kawai ya yi musu a bakin ruwa, muka zo muka dasa cikin yashi. Akwatin ya yi kyau har maƙwabta suna shigowa kallo. Ba a daɗe ba sai muka wayi gari gilashin ya cika da 'yan dodon koɗi kamar an watsa gero, suna cin ganyen, ruwan ya fara wari. Har matsattsaku ɗaya na gani yana miƙa a jikin dutse, na kurma ihu. Baba ya zauna yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce laifinsa ne, lissafin tafki ya yi. A tafki kowane abu yana da mai cinsa, ba a damuwa da dodon koɗi don akwai kifin da ke farfasa shi. A nan kuwa ba mai cin kowa, abin da ka shigo da shi, shi zai mallaki gidan. Sai da ya kwashe kifin zuwa baho, ya zubar da ruwan, ya wanke yashin ya shanya a rana, ya sake komai daga farko. Aikin ya ci masa makonni, kuma duk tsawon lokacin nan bai tambayi kowa labarin hanya ba.

Ni ma na yi tawa ɓarnar. Na tashi daga haɗin turaren humra na zo taya shi wankin ganye a cikin robar da nake jiƙa icen turare. A Maiduguri wa ke ɗaukar ƙamshi a matsayin datti? Na ɗauraye robar, na ga ta yi fes. Washegari wani ɗan mai ya kwanta a saman ruwan, kifi uku sun juya ciki sama. Baba ya shinshina ruwan, ya shinshina hannuna, ya ce, "Uwata, kin yi wa kifi gyaran amarya." Tun daga nan aka sayi baho da bokiti na ciyawa kaɗai, ba sabulu, ba turare, kuma ba na taɓa su sai na dirje hannu har gwiwar hannu da ruwa zalla.

A haka muka tsayar da yadda ake yi. In mun dawo sai mu baje tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida. A fara ware kowace iri daban, a jefar da wadda ba a sani ba, don Baba ya ce baƙon da ba ka san sunansa ba ba ka kai shi ɗaki. A yanke ruɓaɓɓen ganye, a rage saiwa, a wanke taɓon a ruwa bayan ruwa har sai na ƙarshe ya fita garau. Sannan a bi ganye ɗaya-ɗaya, a juya bayansa, don a nan dodon koɗi ke manna ƙwansa, wani abu fari-fari mai santsi kamar majina, sai ka karkata ganyen ga haske kake ganinsa. Mutumin da ya sayar da akwatin ya gaya wa Alhaji a riƙa jiƙa su a ruwan alif, wannan da muke sa wa ruwa ya kwanta. Baba bai yarda ba sai da ya gwada da 'yan kaɗan, ya ga yana kashe ƙwan, ya kuma ga in ya yi yawa ganyen dafewa yake. Bayan alif a sake ɗaurayewa sosai, a ajiye su a baho daban inda haske ke samunsu, a yi ta duba ko wani abu zai ƙyanƙyashe. Sai an ga shiru sannan su shiga gilashi.

Ciyawar ta kama, ta yi tsawo, kifin suka daina hawa sama neman iska, har suka fara haihuwa. Baba ya ce shekarunsa duka a ruwa bai taɓa ganin kifi mai haihuwa kamar akuya ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne bayan la'asar. Alhaji zai shigo ya gaishe shi da Kanuri ya ce, "Wushe, Baba," Baba ya amsa, su zauna a tabarma ɗaya suna fuskantar gilashin. Kunya ba ta barinsu su dubi juna, to ga abin kallo Allah ya kawo. A haka suke hira, kowa idonsa a kan kifi, wannan ya ba da labarin saniya, wancan ya ba da na giwan ruwa. Na ce a raina shi ke nan, na riƙe mahaifina.

Da ruwa ya fara ja baya sai labari ya zo an buɗe hanya, ana tafiya da rakiyar jami'an tsaro, wasu mutanen garinmu har sun koma sun fara gyaran kwalekwale. Baba kuwa sai ya ce mu je Alau mu ƙaro wata ciyawa mai laushin ganye da za ta cike gefe ɗaya da ya rage. Wannan ba ta jure alif, narkewa take, don haka ido da farce kaɗai ke tsabtace ta, kuma tunda idonsa ya yi rauni, ni ce mai dubawa. Muna zaune a tabarma ina juya ganye, sai ga ƙwan nan a manne, dunƙule guda, yana ƙyalli. Na sa farce zan kankare, sai hannuna ya tsaya. Na tuna makonnin da ya yi yana wanke yashi bai tambayi hanya ba. In na bar wannan ya shiga gilashi, aiki ya dawo sabo. In ya gama kuma, ai ƙwai ba ya ƙarewa a Alau. Ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da ganyen nan ba.

"Kin ga wani abu ne?" in ji Baba.

Na ci gaba da riƙe ganyen.

"Idona ne ya mutu, Uwata, ba hankalina ba. Tun ɗazu hannunki bai motsa ba. Cire shi."

"Baba, in aikin nan ya ƙare tafiya za ka yi."

"Ko bai ƙare ba zan tafi. Na san ba don kifi mijinki ya kira ni ba, tun ranar farko na sani. Na karɓa don ya yi mini sutura, ya bar ni na ci abinci da hannun da ya yi aiki. Allah ya saka masa. Amma kada ki lalata abin da muka gyara don ki ɗaure ni. In kin yi haka, duk zaman da muka yi a tabarmar nan ya zama wasan yara."

Na kankare ƙwan na yarfar a ƙasa, na fashe da kuka. Na ce masa can ba asibiti, ba tabbacin kwana lafiya, ya tsufa, wa zai ba shi ruwa in ya kwanta. Na ce ya tuna ni ma 'yarsa ce, ba Alhaji kaɗai ke da gidan nan ba. Ya bar ni na gama, yana ta jera ciyawa a baho.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce. "Amma a nan ina raye ne kawai. Innarki tana can. Ina so in tashi da safe in san abin da zan yi ba tare da wani ya ƙirƙiro mini ba."

Da na gaya wa mahaifinku, ya ce zai iya hana duk direban da ya sani ɗaukarsa, in ina so. Ya ce in faɗi kalma ɗaya. Wannan ita ce shawarar da kawunku ke cewa na yanke ba daidai ba. Na kwana biyu ina juya ta, na ga zan iya riƙe Baba, amma wanda zan riƙe shi ne mutumin nan mai ɓuya a ɗakin zaure yana rufe kwano, ba wanda na gani tsaye cikin ruwa yana dariya ba. Na ce wa Alhaji ya bar shi. Shi kuma ya je ya sayo masa koma sabuwa da ƙugiyoyi, ya ce in miƙa masa, don ba zai iya ba shi hannu da hannu ba. A tasha Baba ya dubi mahaifinku ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce masa a riƙa rage kainuwa. Alhaji ya ce to, Baba. Abin da suka iya ce wa juna ke nan, su biyun kuma idonsu ya yi ja.

Ya yi kusan shekara biyu a can. In ya samu inda waya ke kamawa sai ya kira, muryarsa garau, yana ba ni labarin ruwa ya kawo ko ya janye, yana tambaya ko kifin mijina sun ƙara haihuwa. Ban taɓa jin sa da ƙoshin rai kamar lokacin ba, ni kuwa ban taɓa yin barci mai nauyi ba. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, irin wanda da a nan yake wataƙila da allura ta tsayar. Na san wannan, ba sai Sani ya tuna mini ba. Kullum ina sane da shi, kuma har yau yana yi mini ciwo. Amma in aka mayar da ni tabarmar nan, zan sake kankare ƙwan.

Direban da ya kawo mana labarin rasuwar shi ne ya sauke wani kwali a zaure. Ya ce tun kafin Baba ya kwanta ya ba shi, ya ce a kai gidan surukinsa a Limanti, a ce wa Alhaji Modu ga na cefane. Banda ce, kifin da ya kama da hannunsa ya ƙyafe da kansa, manya-manya, ya zaɓo masu kyau. Mahaifinku ya buɗe kwalin ya gani, ya juya ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bayan an share makoki na dafa shi da miyar kuka, ina juyawa hawaye na zuba. Kuna ƙanana, kun zagaye kwano kuna ta santi, har kuna faɗa a kan kai. Mahaifinku ya wanke hannu ya zauna a cikinku, ya ce kowa ya yi bismilla, yau tuwon surukinsa zai ci.